Tambaya da Amsa: Me ya riƙe cocin Escomb shekara 1,300?

Tambaya: Ni magini ne a Zariya. Na ga hoton wani tsohon coci a ƙauyen Escomb na Ingila, an ce ya haura shekara 1,300. Ba siminti, ba rodi, me ya riƙe shi? Idan ya tsage kuma, da me ake gyarawa?

Amsa: Malam, rashin simintin nan ma yana cikin abin da ya cece shi. Escomb yana gundumar Durham a arewacin Ingila, an gina cocin wajen shekarar 675. Yawancin duwatsun an kwaso su ne daga kangon sansanin sojan Rumawa na Binchester da ke kusa. A bangon arewa akwai dutse mai rubutun LEG VI, tambarin runduna ta shida, an ɗora shi a kife. Ga alama maginin dutse yake nema, karatun bai dame shi ba.

Zauren masu ibada tsawonsa ƙafa 43 da rabi, faɗinsa ƙafa 14 da rabi kacal, bangon kuma ya kai kusan ƙafa 23. Ɗakin bagadi yana gabas, ƙarami ne, ana shiga ta wata doguwar baka. Tagogin asali 'yan mitsi-mitsi ne can sama, bakinsu a buɗe ta ciki don haske ya bazu.

Farar ƙasa da aka ƙona aka kwaɓa da yashi ita ce ta haɗa duwatsun. Tana da laushi. Ƙasa ta ɗan motsa, sai ta bi. Ruwa ya shiga bango, ta nan zai fita ya bushe. Siminti ya fi dutsen tauri, ga shi yana kulle danshi. Hunturu na zuwa ruwan ya daskare ya kumbura, fuskar dutse ta riƙa ɓarewa, simintin na nan tsaye ƙyam. Ka san irin wannan: a yaɓa wa katangar tubali siminti, bayan 'yan damuna a ga yaɓen ya ɓallo da ƙasar a jikinsa.

Wajen gyara, ana ƙwaƙule tsohon kwaɓi da hannu, ba da injin yanka ba, zurfin ya kai kamar ninki biyu na faɗin gaɓar. A share ƙura, a yayyafa ruwa, a cusa sabon kwaɓi, galibi awo ɗaya na farar ƙasa da awo uku na yashi mai kaifi. Sai a rufe da jiƙaƙƙen buhu na kwanaki, domin idan ya bushe da gaggawa marmashewa yake yi. Ba a yin aikin lokacin ƙanƙara.

Amma mafi yawan ɓarna daga sama take sauka: indararo ya toshe da ganye, ko ɓarayi sun yaye darmar rufi. Shi ya sa dokar Cocin Ingila, tun 1955, ta wajabta a kawo ƙwararre ya duba kowane coci duk shekara biyar.