Muryar Anti a guruf kan babi na tara

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri, murya zan yi, don in na ce zan zauna latsa waya sai la'asar ban gama ba, idon nan kuma ya fara ƙin ƙananan rubutu. Admin, kar ki ce na cika muku waya.

'Yata mai littafi, da ke nake. Na karanta babi taran da kika turo, jiya da dare na ƙarasa. Na kuma ga tambayarki. Wai tunda 'yan sakandare kike rubuta wa, ko ki sassauta wurin mutuwar uban, sannan a ƙarshe yarinyar ta zauna da dangin ubanta a Tudun Wada ne ko ta bi uwarta Zonkwa. Na ga Maman 'yan biyu ta ce ki ba dangin uba kowa ya huta. Wani kuma ya ce a jefa ƙuri'a a guruf. Ƙuri'a fa! Sai ka ce zaɓen kansila.

Ni dai ba abin da na ji kin tambaya ba ke nan. Tsoro kike ji. Kin ɗauko uba Bazazzagi, uwa 'yar Bajju da ta musulunta ta aure shi, kin kashe uban, yanzu gabanki na faɗuwa kar a ce kin taɓo abin da ba a taɓawa, shi ne kike neman babba ya ce miki rufe. To ba a bakina za ki ji ba.

Maganar sassautawa, ai kin riga kin sassauta, nan ma ciwon yake. Babi na tara ɗin nan ba mutuwar gidanmu ba ce, ta fim ce. Kin sa an kwana uku kafin a binne shi. Kin sa yarinya ta je maƙabarta ta tsaya bakin kabari tana jawabi, har da ɗiban ƙasa tana zubawa. A wace Tudun Wadar? Mutum ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa wanka, an sa likkafani, an sallace shi a ƙofar gida, maza sun ɗauki makara sun tafi. Mata suna ciki. Yarinyarki ba za ta ga kabarin ba, ƙila har ta yi aure ba ta san inda yake ba. Wannan fa ya fi jawabin naki ciwo nesa ba kusa ba, kuma shi kika tsallake.

Bari in gaya miki yadda yaro yake sanin an yi mutuwa a gidansu. Ni a 1991 ne, ina shekara goma sha uku, muna Kakuri a nan Kaduna, Baba yana aikin masaƙa. Na taso daga makaranta, tun daga bakin layi na hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidanmu, ga butoci a jere, ga maza zaune ba mai magana. Na shiga zaure na ga takalman mata sun yi tsibi, har da wasu silifa ja da na san na gwaggona ce ta Zariya, wadda ba ta zuwa sai da dalili. Silifan nan su suka gaya mini. Har yau ɗin nan da nake miki magana babu mahalukin da ya buɗe baki ya ce mini babanki ya rasu. Sai dai kowa ya dafa kaina ya ce ki yi haƙuri. Da na ɓarke da kuka aka ce kul, kar ki yi masa kuka, addu'a yake so. Aka miƙo mini tire aka ce in kai wa baƙi ruwa. Kwana uku ina kai ruwa, ana ce mini ya ƙarin haƙuri, ina cewa da godiya, ban san me nake gode wa ba.

To ki ce mini 'yan sakandare ba za su iya karanta wannan ba? Ki shiga kowane aji a Rigasa ko Unguwar Sanusi ki ce wanda ya rasa uwa ko uba ya ɗaga hannu, ki ga. Sun riga ki sanin abin. Wanda zai faɗa musu shi a takarda ne ba su samu ba.

Kuma ki lura, baƙin ciki a gidan Bahaushe ba a baki yake zama ba, a kaya yake zama. Ni keken Baba ne. Raleigh baƙi, yana goge shi duk Lahadi da tsumma da ɗan man keken ɗinki, in jiniyar masaƙa ta yi kukan tashi na san minti kaɗan zan ji ƙararrawarsa a bakin zaure. Bayan rasuwar, keken na jingine inda ya bar shi, ni nake goge shi ba wanda ya sa ni. Sai wani baffanmu ya zo ya turo shi waje kafin a yi sadakar arba'in... a'a, bari in faɗi gaskiya kar in ɗauki alhakinsa, ya riga mu gidan gaskiya shi ma, bayan arba'in ne da kwana biyu. Amma dai ba a raba gado ba. Ya ce wai zai kai a gyara birki. Birkin lafiyarsa ƙalau! Ni na sani, ni nake goge shi. Bayan wata guda na gan shi ƙarƙashin wani mai sayar da itace a Makera, an ɗaure masa katako a baya, an cire ƙararrawar. Innarmu tana takaba, wata huɗu da kwana goma ba ta fita sai da larura, ba ta da bakin magana. Da na faɗa mata sai ta ce in bar shi, keke ne. Keke ne! Shekara talatin da wani abu ke nan, na yafe, Allah ya sani na yafe, amma ko kuɗin ƙararrawar ba mu gani ba. Da ya ce yana so ai da an ba shi. Cewar da ya yi birki ne, ita ce... to, a bar wannan. Ina nake ma?

Yauwa, gado. Kin ce yarinyar ita kaɗai ce wurin ubanta, sannan kin sa gidan ya zama nata da uwarta shi ke nan. Ba haka lissafin yake ba. Matar tana da tumuni tunda akwai 'ya. 'Ya mace ita kaɗai tana da rabi. In mahaifiyar mamacin na raye tana da sudusi, abin da ya rage kuma na 'yan'uwansa ne tunda bai bar ɗa namiji ba kuma mahaifinsa ya rasu. Ki kai wa malami ya duba miki da alƙalami, amma kin ga yanzu baffanni suna da ƙafa a cikin gidan da haƙƙinsu, ba da zalunci ba. Ba sai kin mai da su mugaye masu jan ido irin yadda kika yi ba. Mutum mai gaskiya a hannu wanda ba ya duba fuskar marainiya ya fi ban tsoro.

Wadda na fi so a littafin nan kuwa, kin ba ta layi huɗu kacal kin wuce. Kakar. Uwar uwar. Tsohuwa ta taso daga Zonkwa, ta shigo mota ta iso washegari, ta tarar an binne surukinta tun jiya. A wurinsu gawa tana jira a mutuware har dangi su hallara, a kwana ana waƙoƙi, a yi sujada, kowa ya ga fuska ya yi sallama. Ita a ganinta an yi gaggawa kamar ana gudun wani abu. Su kuma matan gidan suna kallonta da ɗan kwalinta, ba su san inda za su ajiye ta ba. Ki zaunar da ita a tsakar gidan nan mana! Waƙa na cin ta a maƙogwaro, ta san ba wurin yi ba ne. Kuma abin da mutane ke mantawa, waƙoƙin nata da Hausa suke. Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932 yake, tsofaffin nan na zumuntar mata da Hausa suke addu'a. Za ta buɗe baki ta ce Allah ya ba da haƙuri, da kalmomin da gwaggon yarinyar take faɗa, ba bambanci ko na wasali. Jikar tana tsaye da tire tana jin su duka biyun. In kin rubuta wannan da kyau ba kya buƙatar dogon bayanin nan na shafi biyu da kika sa yarinya tana tambayar madubi ita wace ce. Cire madubin nan don Allah.

Wani abu ƙarami amma ba ƙarami ba. Kin rubuta Kaje a bakin mai ba da labari. Su Bajju suke kiran kansu, harshensu Jju, kamar yadda waɗanda muke ce wa Kataf suke Atyap, Jaba kuma Ham. In gwaggo ce za ta ce Kaje tana taɓe baki, bar shi, haka take magana, kuma mai karatu zai ji abin da yarinyar ta ji. Amma ke marubuciya ki san wanda kike sa wa kowace kalma a baki.

Ku yaran yanzu kun taso kun tarar da kogi ya raba garin Kaduna, kuna zaton haka Allah ya halicce shi. Mu a Kakuri gidan haya ɗaya muke da mutanen Kagoro da Tibi da Yarbawa, ran Kirsimeti shinkafarsu ta shigo, ran Sallah tuwonmu ya fita, faten acca kuwa a hannun maƙwabciyarmu na koya. Garin ma ai duk baƙi ne in ka cire Gbagyi da aka tarar. Turawa suka taso da hedikwata daga Zungeru suka dawo nan a 1917, jirgin ƙasa ya kawo wasu, soja ya kawo wasu, masaƙa ta fara aiki a 1957 ta kawo iyayenmu. Sai rikicin Fabrairun 2000. Ba zan buɗe wannan a guruf ba, kowa a nan ya san inda yake a ranar. Mu dai a bayan akori-kura muka ƙetaro gada da Innarmu da katifa biyu, maƙwabciyar nan ce ta riƙe mana makullin ɗaki. Aka sake a Nuwamban 2002, daga nan wanda bai tashi ba ma ya tashi. Saboda haka auren iyayen yarinyarki ba abin mamaki ba ne a tsohuwar Kaduna, a sabuwar ne ya zama abin nunawa da baki. Ki sa wani tsoho a littafin ya san wannan, ko da mai shayin bakin layi ne.

Shi ya sa tambayarki ta biyu ta ba ni haushi kaɗan, ki gafarce ni. Wai ta zaɓa. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar a gidajenmu wa yake tambayarta? Manya za su zauna a zaure su yanke, a kira ta a gaya mata. Ranar da za ta nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma don shiga jami'a, garin uba za a tambaye ta, ba mai tambayar inda uwarta ta fito. Takarda ta riga ta zaɓar mata. Ita uwar kuma da kike cewa ta koma Zonkwa kamar mai komawa ɗaki, da hijabinta za ta koma, garin da aka yi abin da aka yi a Afrilun 2011 bayan zaɓe. Can ma ana kallonta, nan ma ana kallonta. Kin ga ashe ba yarinyar kaɗai ce a tsakiya ba, uwar ta riga ta shekara ashirin.

In ni ce, ban ce dole ba, littafinki ne, zan bar manya su yanke yadda suka saba, in bi yarinyar in ga abin da ta ɓoye a jakarta ranar tafiya, da wanda take kira in ta samu kati a waya. Ƙarshen zai fito daga nan, ba daga ƙuri'ar guruf ba.

Akwai maganar bugawa da kika yi, da ko ki gutsuro wani yanki ki tura gasar Hikayata ta BBC... a'a, wannan sai wani zaman, ba a kai nan ba tukuna.

Ki sake babi na tara daga farko. Ki cire maƙabarta, ki cire madubi, ki ba kaka shafi biyar aƙalla. Kuma kafin ki rubuta ta, ki nemi tsohuwa 'yar can ki zauna da ita ki sha kunu, kar ki ƙago ta daga kanki, za a gane. In ba ki da kowa ki yi mini magana ta gefe, 'yar maƙwabciyar tamu tana Sabon Tasha, muna waya har yanzu, sai in haɗa ku ranar Asabar in Allah ya kai mu. Kai, wa ya bar mini gas a kunne? Ina zuwa.