Filin Tambaya da Amsa: Tsakanin Bangaskiya da Ayyuka Nagari, Wanne Ke Ceton Mutum?

TAMBAYA: Baba Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni 'yar Zumuntar Mata ce a wata ƙaramar ikkilisiya da ke karkarar Gani, a ƙaramar hukumar Sumaila. Surukina ya rasu a bazarar da ta wuce. Duk rayuwarsa Bamaguje ne mai riƙon tsafin gidansu, bai taɓa taka majami'a ba, sai da ciwo ya kwantar da shi ya sa aka kira masa mai bishara, ya furta da bakinsa cewa ya ba da gaskiya ga Yesu, ya kuma ce a kwashe kayan tsafin a ƙone. Bayan mako uku ya cika, ko baftisma ba a kai ga yi masa ba. A wurin jana'iza fastonmu ya ce tsohon ya sami ceto, amma na ji wani dattijonmu yana gunaguni cewa shi ya shekara arba'in yana yi wa ikkilisiya hidima, ta yaya wanda ya zo da almuru zai shiga tare da shi? Ga kuma ƙanin maigidana da ya ci bashin dawa buhu biyu a wurin wata gwauruwa, kaka ta wuce bai biya ba, in an yi masa magana sai ya ce ai ba da ayyuka ake samun ceto ba. Na karanta Afisawa 2 na kuma karanta Yakubu 2, sai na ga kamar ba su sha inuwa ɗaya ba. Ina gaskiyar take?

AMSA: 'Yata, Allah ya ba ku haƙurin rashin Baba, ya kuma ta'azantar da gidanku. Tambayarki ta daɗe tana yawo a cikin ikkilisiya tun zamanin manzanni, kuma na ji daɗi da kika kawo ta da mutanenta, domin dattijon nan da ƙanin maigidanki su ne ainihin mutum biyun da Bulus da Yakubu suka rubuta wa wasiƙa, kowanne da nasa.

Bari in fara da abin da kika fi ni sani, wato biki. Idan ƙawarki ta aurar da 'ya kika kai mata gudummawa, ba ta mantawa, tana riƙe da lissafin a ranta, ranar da naki sha'anin ya zo sai ta rama, sau da yawa ma ta ninka. Haka adashe yake, haka gayya take: na yi maka noma yau, ka yi mini gobe. Wannan zumunci ne mai kyau, da shi ƙauyukanmu suke tsaye, amma ya saba mana da tunanin cewa kowane alheri akwai ramuwa a bayansa, shi ya sa idan muka ji an ce alherin Allah, sai zuciya ta fara lissafin abin da muka zuba. To, abin da Bulus yake faɗa a Afisawa 2:8-9 shi ne, ceto ba ya cikin wannan lissafi. Ya ce ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, wannan kuwa baiwar Allah ce, ba sakamakon ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. A Romawa 4:4-5 ya ƙara fito da maganar fili da misalin ɗan ƙwadago: wanda ya yi aiki aka biya shi, haƙƙinsa aka ba shi, ba a ce an yi masa kyauta. Idan da ceto lada ne na aiki, da Allah bashi yake biya, da kuma mutuwar Almasihu a kan gicciye ta zama ba ta da dalili, kamar yadda Galatiyawa 2:21 ta nuna.

Saboda haka fastonku bai yi kuskure ba. Mu mutane ba mu ganin zuciya, Allah ne kaɗai ya san abin da ya gudana tsakaninsa da tsohon a kan tabarmar jinya, amma abin da kunnuwanku suka ji da abin da idanunku suka gani ya isa ku sa zuciya. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23:39-43 hannuwansa a kafe suke, ba shi da sauran damar yin sadaka ko zuwa sujada ko shiga ruwan baftisma, ya dai amince da laifinsa, ya roƙi Yesu ya tuna da shi, aka kuwa yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Ki lura kuma da wani abu da dattijonku bai lura da shi ba. Tsohon da ya gaji tsafi daga kakanninsa, wanda duk gidan ke tsoron taɓa tukunyar da ke bayan ɗakinsa, ya buɗe baki ya ce a ƙone, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Mako uku kawai aka ba bangaskiyarsa, kuma a cikin mako ukun ta yi 'ya'ya.

Game da dattijon, ina roƙonki kada ki raina shi, domin shekara arba'in na ɗaukar ƙasa da jinka, da taka sayyada zuwa ƙauyuka don wa'azi, ba wasa ba ne, Allah kuwa ba mai mance wahalar bayinsa ba ne, Ibraniyawa 6:10 ta tabbatar da haka. Sai dai gunaguninsa yana nan a rubuce tun kafin a haife shi. A Matiyu 20:1-16 Yesu ya ba da misalin mai gona da ya ɗauki 'yan ƙwadago tun da sassafe a kan dinari guda, ya sake ɗaukar waɗansu da hantsi, da tsakar rana, da azahar, har da waɗanda ya samu a tsaye saura sa'a ɗaya a tashi. Da yamma ya biya kowa dinari guda, waɗanda suka sha zafin rana suka yi gunaguni, shi kuwa ya amsa cewa bai zalunci kowa ba, ya tambaye su ko suna jin haushi ne don shi mai alheri ne. Duk manomin da ya taɓa ɗaukar 'yan ƙwadago a lokacin noman firi ya san ba haka ake biya ba, kuma da gangan Yesu ya faɗe shi haka, don mu gane cewa shiga mulkin Allah ba a auna shi da tiya. Abin da nake so dattijon ya tuna shi ne, shekarun nan arba'in su ma kyauta ce aka yi masa. Ya kwana ya tashi ba tare da tsoron sammu da mayu ba, ya yi renon 'ya'yansa cikin sanin Allah, alhali tsohon ya yi nasa shekarun cikin fargabar iskoki.

Yanzu ga ƙanin maigidanki, wanda maganarsa ta fi ta dattijon damuna. Ya karanta aya ta 8 da ta 9 ya rufe littafin, da ya ƙara aya ɗaya da ya ga Afisawa 2:10 tana cewa mu aikin hannun Allah ne, an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin ayyuka nagari waɗanda Allah ya riga ya shirya mu yi. Irinsa ne Yakubu yake yi wa magana. A sura ta 2 Yakubu ya kawo misalin ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ba su da sutura ba su da abincin yini, sai wani ya sallame su da fatar baki, ya ce su sauka lafiya, su ji ɗumi, su ƙoshi, bai kuwa ba su ko ƙwayar hatsi ba. Ya ce irin wannan bangaskiya matacciya ce, kamar jikin da rai ya fita. Ya ƙara da magana mai nauyi, cewa aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Wato akwai yarda ta kai, wadda ba ta wuce sanin cewa abu gaskiya ne ba, akwai kuma bangaskiya ta dogara, wadda mutum ke miƙa kansa gaba ɗaya ga Almasihu. Bulus yana yabon ta biyun, Yakubu yana tsine wa ta farkon, ba su yi karo ba.

Abin da zai ƙara warware miki shi ne, dukansu biyu da Ibrahim suka kafa hujja, amma daga wurare dabam na rayuwarsa. Bulus ya ɗauko Farawa 15:6, inda Ibrahim ya gaskata alkawarin Allah aka lasafta masa shi adalci, tun kafin a yi masa kaciya a sura ta 17 yana da shekara 99, domin masu gardama da Bulus suna cewa sai al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, sun yi kaciya sun kiyaye Shari'ar Musa kafin su sami karɓuwa. Yakubu kuwa ya ɗauko Farawa 22, shekaru da yawa bayan haka, inda Ibrahim ya ɗora Ishaku a kan bagade, ya nuna cewa a nan ne bangaskiyar da aka lasafta masa tun farko ta cika ta bayyana. Mutanen biyu sun san juna, Galatiyawa 2:9-10 ta ce Yakubu da Bitrus da Yahaya sun ba Bulus hannun zumunci, abu ɗaya suka roƙe shi, ya riƙa tunawa da matalauta, shi kuwa ya ce dama abin da yake ɗokin yi ke nan. Ya kuwa yi, domin ya shafe shekaru yana tara gudummawa daga ikkilisiyoyin Makidoniya da Akaya don matalautan Urushalima.

Kin san mangwaron da aka yi wa aure. Ana yanko reshe daga mai daɗi a ɗaura shi a jikin wani, a naɗe da leda. Ba 'ya'yan da reshen zai yi ne suke manna shi a jikin uwar ba, mai lambu ne ya ɗaura shi tun ba shi da ko fure. Amma idan damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, reshen bai yi toho ba, ya bushe ƙayau, mai lambu ya san auren bai kama ba. Wannan ne abin da Yesu ya faɗa a Yahaya 15 game da itacen inabi da rassansa. Don haka a gaya wa ƙanin maigidanki cikin ƙauna, amma ba tare da rufa-rufa ba, cewa biyan dawar gwauruwar ba zai saya masa sama ba, ƙin biya da gangan kuwa, rumbunsa a cike, yana sa a tambayi ko auren ya kama. Zabura 37:21 ta ce mugu ne ke cin bashi ya ƙi biya. Zakka mai karɓar haraji a Yariko, da Yesu ya shiga gidansa, ba wanda ya tilasta masa, da kansa ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Shawarata ita ce maigidanki ya fara samunsa su biyu, in bai ji ba a tafi da dattijo ɗaya ko biyu bisa ga Matiyu 18:15-16, ku kuma matan Zumunta kada ku bar gwauruwar da yunwa kafin a gama shari'ar.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne daga wani ƙauye kusa da Roni a jihar Jigawa. An gaya mini cewa 'yan Katolika sun yarda ayyuka ne ke ceton mutum. Haka ne?

AMSA: Ɗana, an taƙaita maka maganar har ta karkace. Gardamar ta yi zafi ne a Turai bayan 1517, lokacin da Martin Luther, wani malamin Littafi Mai Tsarki a Wittenberg ta ƙasar Jamus, ya tashi yana sukar sayar da takardun sassaucin horon zunubi, ya kuma tsaya a kan cewa ta bangaskiya kaɗai ake baratar da mai zunubi, wato Allah ya lasafta shi mai adalci. Ikkilisiyar Katolika ta amsa a Majalisar Trent, wadda ta zauna daga 1545 zuwa 1563, kuma a hukuncin da ta yanke a 1547 ta la'anci duk mai cewa mutum zai iya barata a gaban Allah da ayyukansa ba tare da alherin Allah ta wurin Yesu Almasihu ba. Ka ga ke nan ba su ce ayyuka kaɗai ba. Shi ma Luther, ko da yake a 1522 ya kira wasiƙar Yakubu wasiƙar ciyawa idan an gwada ta da su Romawa, ya koyar da cewa ba a raba ayyuka da bangaskiya, kamar yadda ba a raba zafi da haske daga wuta.

Bambancin na gaske yana nan. Mu na ɓangaren bishara muna cewa barata hukunci ne da Allah ya yanke sau ɗaya saboda adalcin Almasihu, tsarkakewa kuma ta biyo baya tana girma. Katolika suna haɗa biyun, suna cewa barata ta ƙunshi sabunta mutum daga ciki, tana farawa da baftisma, ayyukan da aka yi cikin alheri kuma suna da lada. A ranar 31 ga Oktoba, 1999, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a wata sanarwa da ta ce ta alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah yake karɓarmu ya ba mu Ruhu Mai Tsarki mai kiranmu ga ayyuka nagari, 'yan Methodist ma suka amince da ita a 2006. Ba duk ikkilisiyoyi ne suka sa hannu ba, akwai kuma batutuwan da har yanzu ba mu daidaita ba, ni kaina ina nan a kan koyarwar da na gada. Amma idan za ka yi muhawara da abokinka ɗan Katolika, ka fara tambayarsa abin da katikis ɗinsu ya koya masa, sa'an nan ku buɗe Romawa 3 da Yakubu 2 ku karanta tare.