Hukuncin Sayen Gida da Rancen Banki Mai Kuɗin Ruwa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, ina da iyali, kuma tun da na yi aure a gidan haya nake. Kusan kowace shekara sai mai gida ya ƙara kuɗi. Ana cirar kuɗin asusun gidaje na ƙasa daga albashina, an kuma ce na cancanci rancen sayen gida da ruwa kashi 6 cikin 100. Abokan aikina sun ce wannan ɗan ruwan bai kai faɗuwar darajar naira ba, ga shi kuma lalura ce. Na samu wani gida, dillali ya ce na gado ne, babban wansu ke sayarwa, an yi masa sabon fenti. Ya ce in ba da kafin alƙalami cikin makon nan ko a ba wani. In karɓi rancen? In ba da kafin alƙalamin?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya tambaya kafin ka sa hannu. Na san zafin haya, na san yadda magidanci ke ji idan wa'adi ya matso aljihu babu, don haka ba da wasa nake ɗaukar damuwarka ba. Amma wannan rance bai halatta ba. Bankin kuɗi zai ba ka, kuɗi za ka mayar masa tare da ƙarin da aka shardanta saboda jinkiri, kuma wannan ita ce ribar da Allah ya haramta a Suratul Baƙara, aya ta 275: "Allah ya halatta ciniki, ya haramta riba." A aya ta 279 ya ce wanda ya tuba, uwar kuɗinsa kawai zai karɓa, kada ya zalunta, kada a zalunce shi. Ayar ba ta ware ƙari kaɗan daga ƙari mai yawa ba. Kada kuma ka ce ai kai mai biya ne, laifin na mai karɓa ne. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai cin riba da mai bayar da ita da marubucinta da shaidunta biyu, ya ce duk ɗaya suke.

Malaman zamani ma sun duba wannan mas'ala da idon basira. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta yarda cewa muhalli yana cikin buƙatun ɗan Adam na asali, sannan ta yanke cewa rancen da bankunan gidaje ke bayarwa da ruwa haram ne, ruwan ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Daga cikin abin da ta yarda da shi akwai hukuma ta ba da rance ba ruwa, ta karɓi ainihin abin da ta kashe wajen hidimar bayar da rancen, ko ta gina gidaje ta sayar a biya kaɗan-kaɗan. Kashi 6 ɗin da ake lissafawa kowace shekara a kan ragowar bashi bai shiga kuɗin hidima ba, domin yana ƙaruwa ne da yawan kuɗin da tsawon lokacin. Ka ɗauki naira miliyan 10 a shekara 20: za ka riƙa biyan kusan naira 71,600 a wata, a ƙarshe ka biya sama da miliyan 17.

Hujjar abokan aikinka game da faɗuwar naira tana da nauyi a lissafin kasuwa, ba na musun haka. Sai dai ruwan nan an yanke shi tun ranar sa hannu, naira ta faɗi ko ta tashi sai ka biya shi, don haka ba diyyar faɗuwar kuɗi ba ce. Wannan majalisar dai, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce bashi ana biyansa ne da kwatankwacin abin da aka karɓa, ba a ɗaure shi da hawa da saukar farashi. Sauƙin riba a kan mai biya ba ya sauya sunanta a wurin Allah.

Batun lalura kuwa, lalurar da ke halatta haram ita ce wadda mutum zai halaka ko ya kusa halaka idan bai yi ba, kuma babu wata mafita. Kai kana da rufin da kake kwana a ƙarƙashinsa da iyalinka. Haya takura ce, amma muhalli ce. Na san wasu suna kafa hujja da fatawar Majalisar Fatawa ta Turai, wadda a zamanta na Dublin a 1999 ta yi rangwame ga Musulmin da ba shi da gida ya sayi na zama da rancen banki. Fatawar an yi ta ne don Musulmi marasa rinjaye a ƙasashen da ba na Musulmi ba, inda ba su da wata hanya, kuma duk da haka malamai da yawa ba su yarda da ita ba. Mutumin Kano ba zai jawo ta ya lulluɓa da ita ba, alhali bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, ga ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata da ke ba da rance ba ruwa.

Kuɗin da ake cira daga albashinka, wato kashi 2.5 cikin 100 da dokar asusun gidaje ta 1992 ta tanada, ba ka da laifi a kansa tunda ba da zaɓinka ake cira ba. Haƙƙinka ne. Idan lokacin mayarwa ya yi ka karɓi abinka, in an ɗora ruwa a kai ka fitar da shi ka ba mabuƙata, ba da niyyar sadaka ba.

To, idan ka nufi bankin da ba ya mu'amala da ruwa, kada allon da ke ƙofarsa ya ishe ka. Ka karɓi takardar yarjejeniya ka karanta, ko ka kai wa wanda ya san fiƙihun ciniki. Idan murabaha ce, wato bankin ya sayo kaya ya sayar maka da ƙarin kuɗi sananne, dole bankin ya sayi gidan tukuna ya shiga mallakarsa, ta yadda da zai rushe a wannan tsakani asararsa ce, sannan ya sayar maka da farashi ɗaya sananne da wa'adi sananne. Annabi (SAW) ya ce wa Hakim ɗan Hizam: "Kada ka sayar da abin da ba ya wurinka." Malamanmu na Malikiyya suna da tsanani a nan. A cikin Muwaɗɗa an kawo cewa an tambayi Abdullahi ɗan Umar game da mutumin da ya ce wa wani ya sayo masa raƙumi da kuɗi hannu shi kuma ya saya daga gare shi bashi, sai Abdullahi ya ƙi abin ya hana. Malaman zamani da suka halatta murabahar banki sun halatta ta ne da sharaɗin mallakar ta zama ta gaske. Idan kuɗi kawai za a zuba a asusunka a ce je ka saya, an koma gidan jiya. Farashin bashi ya fi na kuɗi hannu, wannan ya halatta, amma da zarar an ƙulla ba ya ƙaruwa don ka makara. Wasu malamai sun yarda a sa wa mai taurin bashi tarar da za ta tafi sadaka, amma yawancin malamai ba su yarda bankin ya ci ta ba. Idan kuma haɗin gwiwa ne, ku sayi gidan tare kana biyan hayar kason bankin kana sayensa sannu a hankali, to babban gyara da asara a kanku ne ku biyu gwargwadon kason kowa.

Zan faɗa maka gaskiya: mai yiwuwa ka tarar wannan hanya ta fi rancen kashi 6 tsada. In ta fi ƙarfinka, ka sayi fili mai takarda ka riƙa ɗora bulo da adashi da rancen gama-kai, ka shiga ɗaki biyu ka ci gaba da gini kana ciki. Mutane da yawa haka suka mallaki gidajensu.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali a tambayarka, wato gidan kansa. Mutanenmu suna tambaya a kan riba, amma kaɗan ne ke tambayar ko mai sayarwa yana da ikon sayarwa. Gidan gadon da ba a raba ba na magada ne duka, maza da mata, har da matan mamacin da 'yar da ke aure a wani gari. Zama babban wa ba ya ba mutum ikon sayar da kason ƙannensa. Cinikin da ya yi a kan kasonsu yana rataye ne a kan yardarsu, in sun ƙi ya warware. Idan akwai ƙananan yara abin ya fi haka nauyi, domin a mazhabar Malik mai iko a kan dukiyar yaro shi ne uba, sai wasiyyin da uban ya naɗa, sai alƙali. Wa ko kawu ba ya samun wannan iko don kawai yaran suna hannunsa. Ka tuna Suratun Nisa'i, aya ta 10, a kan masu cin dukiyar marayu da zalunci, da hadisin Sa'idu ɗan Zaid a Buhari da Muslim cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi daga ƙassai bakwai. Saboda haka ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ka ga magada da idonka ko wakilansu na shari'a, kowa ya sa hannu. Ko kason wan kaɗai ka saya, sauran suna da haƙƙin shuf'a, su biya ka kuɗinka su karɓe.

Sa hannun mai unguwa da dagaci yana da amfani, sun san tarihin gida da iyakokinsa, amma bai wadatar ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna, kuma gidan da ke da takardar mallaka ta gwamnati ba a sauya masa mai shi ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna. Ka ɗauki lauya ya bincika a KANGIS, ofishin bayanan filaye na Jihar Kano, sunan wa ke kan takardar, da ko an jinginar da ita a wani banki. Idan awon igiya ne, a duba kada ginin ya hau hanya ko magudanar ruwa.

Sabon fenti kuma, ba na zargin kowa, amma fenti yana rufe abubuwa da yawa. Ka je da magini amintacce ko injiniya, ka biya shi ladansa. Ku ƙwanƙwasa ƙasan bango ku ji ko filasta ta saki, ku duba inda fenti ya kumbura ko farin gishiri ya fito, alamar danshi ce daga ƙasa. Ku lura da tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, takan nuna tushen gini ya zauna. A leƙa cikin silin a ga katakon rufi ko gara ta ci, a ga tazarar da ke tsakanin rijiya da masai, a ɗanɗani ruwan. Sannan ka tambayi maƙwabta inda ruwa yake kaiwa a layin a watan Agusta, don gidan da aka nuna maka da rani bai nuna maka halinsa ba.

Shari'a tana bayanka a wannan. Mai sayarwa wajibi ne ya bayyana aibin da ya sani, domin Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Cewar "na sayar yadda ka gan shi" ba ta wanke shi daga aibin da ya sani ya ɓoye. Shaihu Halil a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya rarrabe aibin gida: ƙarami, kamar tsagar bangon da ba a tsoron gidan ya faɗi saboda ita, ba a mayar da gida a kansa, sai dai a rage maka kuɗi gwargwadonsa. Babba kuwa, wanda ke yanke amfani, kamar rijiyar gidan ta zama mai gishiri a unguwar da ruwanta ke da daɗi, yana ba ka damar mayarwa. Abin da aka nuna maka ka gani ka yarda, ba ka da magana a kansa daga baya, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kafin alƙalami iri biyu ne. Idan za a lissafa shi cikin kuɗin gida in ciniki ya faɗa, a mayar maka in bai faɗa ba, babu laifi. Idan kuwa sharaɗin shi ne ka fasa ka rasa kuɗinka, Imam Malik ya hana shi a Muwaɗɗa, Imam Ahmad ya halatta, Majalisar Fiƙihu ma ta halatta shi a 1993 idan an yanke wa'adin jira. A halinka ina ba ka fatawa da maganar Malik, domin ba ka san ma ko mai karɓar yana da ikon sayarwa ba. Mako ɗaya ba ya isa binciken kotu da na ofishin filaye. Malamanmu sun ba mai sayen gida damar shardanta zaɓi na kimanin wata guda don dubawa da shawara, kuma a cinikin zaɓi ba a shardanta biyan kuɗi tun farko. Ka nemi wannan wa'adi. In sun matsa sai ka nuna da gaske kake, a ajiye kuɗin a hannun amintaccen da kuka yarda da shi, a rubuta cewa za a mayar maka idan takardu ko ginin suka nuna matsala. Wanda ya ƙi ba ka lokacin bincike, ka bar masa gidansa.

La'adar dillali halal ce, amma ku yanke adadinta da wanda zai biya tun kafin ciniki. Ranar biya kuma a rubuta komai a gaban shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta koyar, a ambaci iyakokin gidan ta fuska huɗu da ranar da za a ba ka makulli, ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun da magada suka amince da shi a rubuce.

Allah ya hore maka gida na halal, ya sa albarka a cikinsa. Wallahu a'alam.