Me ya sa ake sake haƙa rijiya bayan an riga an samu mai?

Malam, ka tambayi dalilin sake haƙa rijiya a teku bayan ta farko ta nuna akwai mai. Ai ta farko albishir kawai take yi, ba ta faɗin yawansa, kuma wa zai zuba biliyoyin daloli a kan zato? Ta biyun, wadda ake haƙawa can gefe, ita ke nuna kaurin yashin da ke riƙe da man, iyakar shimfiɗarsa, da zurfin da ruwa ya fara a ƙarƙashin man. Ana ciro guntun dutse a auna ƙananan ƙofofinsa da man ke zama a ciki, a bar man ya kwararo a ga ƙarfinsa. A filin mai na Jubilee da ke tekun Ghana an gano mai a 2007, aka bi da irin waɗannan rijiyoyi na tantancewa, sai Disamba 2010 aka fara fitar da shi.