Ƙurar Katako Ta Sa Ni Tari: Shin Madara Na Wanke Huhu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Zariya. Wata huɗu ke nan da na fara koyon kafinta don sha'awa, Asabar da Lahadi kawai, a wani ɗan shago da ke jikin zaurenmu. Na yi kantar littattafai da benci biyu, yanzu ina kan teburin loko. Tun da na sayi injin sanfefa, duk ranar da na yi aiki sai tari ya hana ni barci, ƙirjina ya ɗaure, hanci ya yi ta zuba. Zuwa Laraba sai in ji garau. Kafintan da ke nuna mini aiki ya ce in riƙa shan madarar gwangwani in na tashi, ita ke wanke ƙurar. Sati biyar ina sha, ba canji. Yarana biyu kuma suna zama wurina in ina aiki. Hankalina ya tashi. In haƙura da abin ne gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gara da hankalinka ya tashi, domin abin da ka kwatanta ba mura ba ce. Tarin da ke zuwa da dare bayan aikin rana, ya lafa in an kwana biyu ba a taɓa katako ba, ya dawo ranar da aka koma, haka asmar wurin aiki take farawa. Ni malamin kafinta ne, hukunci na likita ne. Amma tun kafin ka gan shi, ka ajiye injin nan, ka fitar da yaran daga shagon.

Loko da ka ambata yana cikin katakan da aka sani da wannan. Ƙurarsa tana jawo asma, tana kuma sa ƙaiƙayi da ƙuraje a hannu da wuya. Haka obeche, farin katakon nan mara nauyi da mutanen Gana ke kira wawa. MDF kuwa garin katako ne da aka danne da gam mai sinadarin fomaldehaid, ƙurarsa tana da laushi ƙwarai.

Yanzu bari in tsaya a kan madarar nan, don sati ba ya wucewa ban ji ta ba. Na ji ta a bakin masu yanka a 'Yan Katako ta Na'ibawa, na ji ta a Panteka, na ji ta wurin masu feshin fenti da masu walda. Wasu ma manja suke sha. Malam, kai mai koyarwa ne, ka san hanyar abinci daban, hanyar numfashi daban. Madara ciki take tafiya, ƙura kuma huhu ta nufa. Ranar da ɗigon madara ya kuskure ya bi hanyar iska, ƙwarewa za ka yi har idonka ya kawo ruwa. To ta ina za ta je ta wanke abin da ba ta taɓa haɗuwa da shi ba? Abin da mutane ke ji shi ne sanyin da take bari a maƙogwaro na ɗan lokaci, sai su ce ai ta yi aiki. Ko a Turai an taɓa raba madara ga ma'aikatan da ke aiki da dalma, daga baya aka gane ba ta kare kowa, aka koma rage gubar daga tushe.

Ba madarar ce ke ƙona mini rai ba, abinci ce mai kyau. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ta zama hujjar ƙin kare kai. Maigida zai sa yaro ɗan shekara goma sha biyar ya yini yana gugar ƙofa a rufaffen shago, gashin idonsa ya koma ja da ƙura, da yamma ya miƙa masa kuɗin madara, a ganinsa ya sauke nauyi. Bai sauke ba. Yaron nan amana ne iyayensa suka ba maigidan, kuma huhu ba riga ba ne da za a wanke a shanya. In ka ce a sayi takunkumi, sai a ce maka iyayen gidanmu shekara arba'in suka yi ba su sa ba. Su waɗanda tari ya zaunar a gida tun suna da sauran ƙarfi, ai ba sa zuwa shago balle a ƙirga da su. Kuma na da ɗin da ake misali da su, masassaƙan turmi da akushi, da gizago suke aiki a gindin bishiya, sassaƙe ke faɗuwa ƙasa. Ba su san injin da ke mayar da katako gari ya cika ɗaki ba.

Garin da kake gani a ƙasa ba shi ne babban abin tsoro ba. Ka dubi hasken rana da ke ratsowa ta taga bayan ka kashe inji, wannan hazon da ke yawo a cikinsa shi ne ke wuce hanci ya gangara ƙasa, kuma yana iya daɗewa a iska bayan ka tashi. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ce kafintocin can sun ninka sauran ma'aikata sau huɗu wajen kamuwa da asma. A shekarun 1960 likitoci a Ingila suka lura da wata kansar hanci, wadda ba a cika gani ba, ta yi yawa a cikin masu ƙera kujeru na garin High Wycombe. A 1995 hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar. Waccan ta masu shekaru da yawa cikin ƙura ce, ban kawo ta don in firgita mai aikin ƙarshen mako ba. Kai abin da ke gabanka asma ce, ita kuma in jiki ya riga ya tsani wani katako, to da wuya ya sake shiri da shi, ɗan kaɗan ma ya isa ya tayar da ita.

Sana'ar ba sai ka bar ta ba. Takunkumin da za ka nema shi ne wanda aka rubuta N95 ko FFP2 a jikinsa, FFP3 ya fi, mai madauri biyu da ɗan ƙarfen matse hanci. Shuɗin nan na lokacin korona, da hankici, da bakin rawani, duk iska na bi ta gefensu. Ka kuma sani takunkumin ƙura ba ya tare warin fenti da tina, ruwan da ake tsarma fenti da shi, wannan sai mai gwangwanin gawayi.

Sai batun gemu, wanda masu sayarwa ba sa faɗa. Takunkumi sai ya manne da fata yake aiki sosai, gemu kuwa yana hana shi mannewa. Ba zan ce ka aske ba. Abin da zan ce, mai gemu ya fi kowa buƙatar rage ƙurar tun daga tushe. Ka koyi wasa bakin filen ɗinka na hannu, wato abin da ake kankare fuskar katako da shi ta yi sumul, har ya riƙa fitar da sassaƙe masu nannaɗewa. In ya yi kaifi, sanfefa kaɗan za ka buƙata, ita ma da hannu. Ka fitar da benci tsakar gida, iska na bayanka. Ka yayyafa ruwa kafin shara, kada ka hure da bulowa. Rigar aiki ta tsaya a shago, kada a kaɗe ta a ɗakin yara. Guntayen MDF da katakon da aka shafa wa maganin gara kuma kada su shiga murhu.

Kada ka tsaya kemis a haɗa maka maganin tari. Ka je asibiti a satin nan, ka gaya wa likita sunan katakon, da ranakun da kake aiki, da lokacin da tarin ke zuwa, ka ce masa yaran ma sun zauna cikin ƙurar. Tun da abin ya haura sati biyu, ka nemi a yi maka gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati. In kuwa numfashi ya sarƙe maka da dare har kana jin fito a ƙirji, kada a jira gari ya waye. Teburin lokon ka rufe shi ka ajiye har sai likita ya yi magana. In ya ba ka izinin komawa, ka fara da katakon malaina, a waje, da filen.