Layin da ke bakin takobin Japan

Ɗana, ka tambaye ni ko layin nan mai kama da gajimare da ka gani a bakin tsohon takobin Japan ado ne da ake zanawa bayan an gama ƙira. Ba zane ba ne. Sawun da wuta da ruwa suka bari ne a jikin ƙarfe, kuma maƙeran can suna kiransa hamon.

Sai ka fara sanin ƙarfen tukuna. Suna narka tamarsu, wadda baƙin yashi ce, tare da gawayi a murhun yumɓu mai suna tatara, ana zuga kwana uku dare da rana, kamar yadda ake yi har yau a Okuizumo da ke lardin Shimane. Maƙeri yakan naɗe ƙarfen ya buge, ya sake naɗewa, sau goma zuwa goma sha biyar, domin dauɗa ta fita, sannan ya lulluɓe ƙarfe mai laushi da mai tauri, saboda takobin da ya yi tauri ciki da waje karyewa yake yi.

Inda amsarka take shi ne wajen tsomawa a ruwa. Kafin a mayar da takobin wuta, ana shafe shi da yumɓu da aka kwaɓa da garin gawayi da garin dutse, a yi masa kauri a baya, a bar shi sirara a wajen kaifi. Cikin duhu suke wannan aiki, domin da ido ake auna zafi daga launin ƙarfen, kamar yadda na sha gaya maka cewa hasken rana yana ruɗin maƙeri. Da an tsoma shi, bakin yakan huce nan take ya yi tauri ƙwarai, baya kuwa ya huce a hankali ya zauna da laushinsa, kuma iyakar da ke tsakaninsu ita ce layin. A nan ne ma takobin yake ƙara lanƙwasa, domin bakin da ya taurara yakan ɗan buɗe. Idan kuwa aka yi kuskuren zafi, sai kaifin ya tsage, aikin makonni ya tafi a banza.

Kowane gidan ƙira da irin yadda yake shafa yumɓunsa, shi ya sa masana suke gane hannun maƙeri daga layin kawai. Masamune, wanda ya yi aiki a Kamakura wajen shekara ta 1300, bai cika sa sunansa a kan takubbansa ba, amma aikinsa ba ya ɓuya. Maƙeran Osafune na yankin Bizen su ma suna da nasu salon. A ganina wannan ya fi sa hannu daraja, tunda suna ana iya ƙirƙirarsa. Sai dai layin ba ya fitowa sosai sai mai washi, wanda sana'arsa daban ce, ya bi takobin da duwatsu iri-iri.

Gobe ka zo da yumɓu da tsohon magagari, domin ƙarfensa ya fi na sifirin mota nuna layin. Ka kawo guda biyu, na farkon da wuya ya fito daga ruwa bai tsage ba.