Da Yardarsu Masai Suka Bar Ƙasarsu?

Tambaya: Malam, na ji an ce Masai na Kenya da kansu suka sa hannu suka ba Turawa ƙasarsu. To me ya sa har yau suke ƙorafi?

Amsa: Sun sa hannu kam, har sau biyu. Amma duba halin da suke ciki. Daga wajajen 1890 bushiya ta kashe musu shanu, agana ta kashe mutane, ga yaƙin cikin gida. Makiyayin da garkensa ya ƙare ba shi da bakin yin ciniki da mai bindiga.

A 1904 aka kwashe su daga makiyayar Naibasha da Nakuru don a ba Turawa 'yan kaka-gida. Aka ware musu yanki biyu, Laikifiya a arewa da wani a kudu, da alkawarin burtali a tsakani. Takardar ta ce yarjejeniyar za ta dawwama muddin akwai al'ummar Masai a duniya. Shekara bakwai ta yi.

A 1911 Turawa suka ƙyalla ido a kan Laikifiya. Gwamnan lokacin, Percy Girouard, ba baƙo ba ne a wurinmu: shi ya mulki Arewacin Najeriya daga 1907 zuwa 1909, kuma a nan ya goyi bayan a hana sayar wa baƙi ƙasa. A can sai ya yi akasin haka. Babban malamin Masai, Olonana, ya rasu a watan Maris, a Afrilu aka sa ɗansa, yaro ƙarami, cikin masu sa hannu a sabuwar yarjejeniyar barin Laikifiya zuwa kudu. Aka kora mutane da shanu ta kan tsaunukan Mau cikin sanyi da ruwa, wasu suka mutu a hanya, a kudu kuma ciwon kaska ya auka wa dabbobin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shari'ar. Masai sun ɗauki lauya sun kai ƙara a 1912. A 1913 kotu ta kore ta, wai yarjejeniya ce tsakanin ƙasashe biyu masu 'yanci, don haka ba ta da hurumi. Mutanen da ake kora da bakin bindiga, ranar shari'a sun zama ƙasa mai cin gashin kanta!

A 2004, cikar shekara 100, jikokinsu sun yi zanga-zanga, suka tura shanu cikin manyan gandayen Laikifiya, 'yan sanda suka fatattake su.